Haushin Kare Da Haƙƙin Maƙwabci: Gyara Yana Hannun Mai Kare

Yau ina so mu ɗan ajiye maganar farashin kaya da canjin naira da sefa, mu taɓo wata matsala wadda ake ganin ƙarama ce, amma tana neman raba zumunci a unguwannin 'yan kasuwa na garuruwanmu na bakin iyaka. Matsalar kuwa ita ce ta ƙananan karnukan nan na ƙasashen waje, masu dogon gashi da siririyar murya, irin waɗanda ake sayarwa a manyan birane kamar Legas da Abuja da Kwatano, wasu daga cikinmu kuma suke sayowa in sun je fatauci, ko don yara, ko don gadin gida da mangaza. Kare ne da bai fi girman kyanwa ba, amma in ya fara haushi bayan sallar isha'i sai ya kai asuba, mai shi yana minshari, maƙwabta suna ta juyi a kan tabarma.

Wani zai ce, ashe har haushin kare ya isa a ɓata masa shafin jarida? Ni kuwa na ce ya isa. Direban da zai tashi da asuba ya ɗauki mutane da kaya zuwa kasuwar Maigatari ranar Alhamis, in bai samu barci ba, rayukan bayin Allah ne a hannunsa. Mai shagon da zai wuni yana lissafi, in kansa ya yi nauyi, shi zai yi kuskuren canji. Ga mai jego da jaririnta, ga tsoho mai hawan jini, ga ɗalibin da zai shiga jarrabawa. Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idojin da ta fitar a 1999, ta ce ƙarar da ke cikin ɗakin kwana da dare bai kamata ta wuce desibel 30 ba, wato ma'aunin da ake auna ƙarfin ƙara da shi, kuma ƙarar da ta zo kwatsam ta haura 45 tana iya ɓata wa mutum barci. Haushin kare kuwa, ga wanda ke kusa da shi, yakan kai 80 zuwa 90, wani lokaci har ya wuce haka. A gidajenmu katanga ɗaya ce tsakani, da bazara kuma kowa a tsakar gida yake kwana, babu ƙofa ko taga da za ta tare wannan ƙara.

Abin da nake so in tsaya a kansa a wannan rubutu guda ɗaya ne. Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza. Kare ba ya yin haushi sai da dalili, kuma a mafi yawan lokuta dalilin yana hannun mai shi, saboda haka gyaran ma a hannunsa yake. Sanda da tsawa da guba, da sauran dabarun gaggawa da ake yi, ƙara dagula al'amarin suke yi.

Da farko ya kamata mai saye ya san abin da ya saya. Masana sun tabbatar cewa kyarkecin ƙasashen sanyi shi ne kakan kare, kuma shi kyarkecin ba kasafai yake haushi ba. Ɗan Adam ne, cikin dubban shekaru, ya riƙa zaɓen karnuka masu saurin sanar da shi zuwan baƙo yana haɗa irinsu, har haushi ya zame musu jiki. Ƙaramin karen nan mai gashi har ƙasa da ake kira Lhasa, asalinsa daga tsaunukan Tibet ne, kuma aikin da aka raine shi dominsa shi ne ya zauna cikin gidaje da wuraren bauta, ya yi ƙara da zarar ya ji motsi. Wanda ake kira Terrier kuwa mafarautan Ingila ne suka raine shi don ya shiga rami ya yi ta haushi, su gane inda dabba ta ɓuya. To wanda ya sayi irin waɗannan, sannan ya dawo yana mamakin yawan haushinsu, sai mu tuna masa cewa kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Akwai ma karen da ba ya haushi irin na sauran, wato Basenji na dazuzzukan Kwango, wannan kuma yana nuna mana cewa iri yana da nasa rabo a cikin maganar.

Sai dai iri ba shi ne duka labarin ba. A shekarar 2010 masu bincike a jami'ar likitancin dabbobi ta birnin Biyana, a ƙasar Ostiriya, sun wallafa sakamakon tambayoyin da suka yi wa masu karnuka sama da 1,200. Sun samu cewa ƙananan karnuka sun fi manya rashin jin magana da saurin firgita da zumuɗi. Amma da suka duba halin masu su, sai suka ga masu ƙananan karnukan sun fi sakaci wajen horo, ba su cika fita da su ko wasa da su ba, kuma ba sa tsayawa a kan doka ɗaya, abin da suka hana yau gobe sai su ƙyale. Sun kuma samu cewa yawan hukunci yana tafiya tare da ƙaruwar tsoro da faɗa a wurin karen. Wannan kuwa ba abin mamaki ba ne. Babban kare in ya yi wa baƙo tsalle, nan take za a tashi tsaye a gyara shi, domin ana tsoron ya ji wa wani ciwo. Ƙarami kuwa in ya yi, dariya ake yi, yara su ɗauke shi su rungume, shi kuma ya ɗauka an yaba masa.

Abu na biyu da ya kamata a sani shi ne, haushi magana ce, kuma ba iri ɗaya ba ne. A 2005 wani masani mai suna Péter Pongrácz da abokan aikinsa a birnin Budapest na ƙasar Hungari sun naɗi haushin karnuka a yanayi daban-daban, suka kunna wa mutane. Sai ga shi har waɗanda ba su taɓa ajiye kare ba suna iya rarrabe da yawa daga ciki, wannan na ganin baƙo ne, wannan na karen da aka bari shi kaɗai ne. Haushin ganin baƙo yakan zo da kauri da sauri babu tsayawa, na kaɗaici kuwa siriri ne, ana yi ana hutawa, har da ɗan kuka a tsakani. Duk wanda ya zauna da mafarauci ko makiyayi ya san wannan tun kafin Turawa su rubuta shi. Abin da ya rage ga mai kare shi ne ya saurara, ya lura da lokacin da karensa ke haushi da abin da ke tayar da shi, ko da na mako ɗaya ne. Wanda bai san ciwo ba ina zai san magani?

In muka duba yadda ake ajiye waɗannan karnuka a garuruwanmu, dalilan ba ɓoyayyu ba ne. Na farko zafi. Kare ba ya yin gumi kamar mutum, da haki yake sanyaya jikinsa. Karen Azawak na Abzinawa, mai gajeren gashi da siririn jiki, ya gaji zafin ƙasar nan tun kaka da kakanni. Amma karen da asalinsa daga Tibet ne, ko Pomeranian da ya fito daga gaɓar tekun Jamus da Folan, a ɗaure shi ƙarƙashin rufin kwano a watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a Maraɗi da Ƙonni, a ce kuma ya yi shiru, wannan zalunci ne. Na biyu ƙishirwa da yunwa, domin sau da yawa kwanon ruwan yakan kife tun da hantsi, babu mai lura. Na uku kaska da ƙuma da ƙazwa da tsutsar ciki, waɗanda dogon gashi ke ɓoyewa. Na huɗu ɗauri. Dabbar da aka halitta don yawo da sansane-sansane, a ɗaure ta da sarƙa mai taku uku dare da rana, babu abin da ya rage mata sai baki.

Na biyar, wanda ya fi shafar mu 'yan kasuwa, shi ne kaɗaici. Maigida ya tafi cin kasuwa kwana uku, ko ya rufe karen a mangaza tun magariba har hantsi, babu mutum babu motsi. Ƙananan karnukan nan an raine su ne don zama kusa da mutane, in aka bar su su kaɗai wasunsu sukan shiga wani irin firgici, su yi ta haushi da tonon ƙofa har su ji wa kansu ciwo. Na shida wurin da aka ajiye shi. In karen yana bakin ƙofa yana hangen titi, duk mai talla da za ta wuce, duk ɗan acaɓa, duk almajiri, sai ya yi masa haushi. Mutumin kuwa dama wucewa zai yi, amma a wurin karen shi ne ya kore shi. Haka zai yi ta samun wannan nasara sau ɗari a wuni, kullum halin yana ƙara kama shi. In kuma aka haɗa da yaran unguwa masu tsokana da jifa, to an gama ɓata shi. A tuna kuma kunnen kare yana kama siririn sauti da ya ninka iyakar jin mutum sau biyu ko fiye, saboda haka ɓeran da ke cikin buhunan masara, wanda kai ba ka ji ba, shi ya ji shi.

A nan ne nake so in yi magana da masu cewa ai haushin shi ne amfaninsa, don shi aka saye shi. Gaskiya ne ɓarawo ba ya son gidan da ake ƙara. Amma ku tambayi kanku, karen da yake haushi tun isha'i har asuba, kowane dare, wa zai tashi in ya ji shi? Maigida ya saba, mai gadi ya saba, maƙwabta sun toshe kunne. Ranar da ɓarawo zai haura katanga, haushin wannan dare bai da bambanci da na jiya, sai da safe a tarar an fasa mangaza, a zo ana ihu bayan hari. Karen da ya iya gadi shi ne wanda yake shiru a mafi yawan dare, in ya yi magana kowa ya san akwai dalili. Saboda haka mai horar da karensa ya rage haushi, kansa ya fara yi wa gata kafin maƙwabcinsa.

Yanzu bari mu duba magungunan da aka saba yi, mu ga inda suke kai mu. Tsawa ita ce ta farko. Kare yana haushi, maigida ya leƙo ta taga yana daka masa tsawa. A wurin karen, maigida ya taya shi ne, ga shi kuma ya samu abin da yake nema, wato a kula shi. Duka kuwa ya fi muni. Karen da ke haushi don tsoro, in aka dake shi tsoron ne zai ƙaru, kuma karen da ya koyi tsoron hannun mutum shi ne yake cizon yaro ranar da yaron ya miƙa hannu zai shafa shi. Fizgar igiyar wuya ma tana da haɗari, domin irin su Pomeranian da Chihuahua maƙogwaronsu ba shi da ƙwari, yakan lotse, karen ya kama tari har ƙarshen rayuwarsa. Masu ɗaure masa baki da igiya ko roba kuwa su sani, sun hana shi haki, kuma a zafin ƙasarmu wannan yana iya kashe shi cikin ɗan lokaci.

Akwai kuma abin wuyan nan mai lantarki da ake talla a intanet, wanda ke jan karen da wuta duk lokacin da ya yi ƙara. Yankin Wels na Birtaniya ya haramta amfani da shi tun 2010, wasu ƙasashen Turai ma sun hana. Ko da ya sa karen ya yi shiru, bai cire ƙishirwa ko kaska ko kaɗaicin da suka sa shi haushi ba, kuma ga mai neman gadi an yi gudun gara an faɗa gidan zago, tunda an koya wa karen cewa in ya sanar da zuwan baƙo azaba zai sha. Haka nan aikin tiyatar da ake yanke wa kare jijiyar murya, yarjejeniyar ƙasashen Turai ta 1987 kan kula da dabbobin gida ta hana shi, sai in rashin lafiya ce ta tilasta. Masu jefa wa kare ƙwayar barci ko maganin mutane a cikin abinci su ma su yi hattara. Ƙwayar da aka auna don mutum mai kilo 60 ko 70, ina karen da bai wuce kilo uku zuwa bakwai ba zai iya ɗaukarta? Farasitamol yana iya lalata masa hanta, ibuprofen kuma ya taɓa ciki da ƙoda.

To mene ne abin yi? A fara da jikin karen. A kai shi wurin likitan dabbobi a duba shi, a yi masa maganin kaska da tsutsa, a rage masa gashi da bazara, a samar masa inuwa mai iska da ruwan da ba ya yankewa. A ba shi abinci a kan lokaci, safe da yamma, a kuma guji zuba masa ragowar miya mai yawan albasa, domin albasa tana lalata jinin kare. Sannan a kwance shi. Yawo na rabin awa da sassafe, da wani bayan la'asar in rana ta yi sanyi, yana riƙe da igiya a hannun babban yaro mai hankali, yana rage haushi fiye da yadda ake zato, domin karen da ya gaji barci yake yi. A ɗauke shi daga bakin ƙofa a mayar da shi cikin gida inda ba ya hangen titi, in ƙofar mai raga ce a rufe ƙasanta da zana ko kwano. In maigida zai yi tafiya, ya bar shi a hannun wanda karen ya sani, kada a kulle shi shi kaɗai. Wanda ke firgita in an bar shi kuwa, a saba masa a hankali, a fita minti biyu a dawo, gobe biyar, jibi goma.

Bayan haka sai horo, kuma ba ya buƙatar kuɗi. In karen ya ji motsi ya yi haushi sau biyu ko uku, ka tashi ka je ka duba, domin ya ga saƙonsa ya isa. Daga nan ka faɗi kalma ɗaya cikin kwanciyar murya, misali "shiru", ka kai ɗan guntun dafaffen nama ko hanta kusa da hancinsa. Zai daina haushi don ya sansana. Da zarar ya yi shiru ka ba shi nan take, kada ka wuce daƙiƙa ɗaya ko biyu, don ya gane ladan shirun ne. Kullum ka riƙa ƙara tsawon shirun kafin ka ba shi, daga daƙiƙa biyu zuwa biyar zuwa goma, har ya kai kalmar kaɗai ta ishe shi. Minti biyar sau biyu ko uku a wuni ya wadatar. Sharaɗin shi ne duk mutanen gida su yi amfani da kalma ɗaya da doka ɗaya, kada maigida ya hana, uwargida ta ƙyale, yara su yi dariya.

Haushin roƙo kuwa, wato wanda yake yi don a ba shi abinci ko a ɗauke shi, maganinsa a juya masa baya, kada a dube shi, kada a yi masa magana, sai ya yi shiru sannan a kula shi. A nan ɗan kasuwa ya fi kowa fahimta. Kowa a cikinmu ya san mai zuwa neman bashi da naci. In ka hana shi sau tara, ka ba shi a na goma don ya ƙyale ka, to ka koya masa cewa naci yana biya, gobe sau ashirin zai roƙa. Haka kare yake. A kuma sani cewa a kwanakin farko haushin zai ƙaru kafin ya ragu, domin yana gwada ko dabararsa ta dā tana nan. Wanda ya karaya a wannan gaɓa ya ɓata aikinsa duka. Ya kyautu ma a sanar da maƙwabta cewa an fara gyara, a roƙi haƙurinsu na 'yan makonni, domin halin da aka yi shekara ana ginawa ba ya rushewa a dare ɗaya.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Masana halayen karnuka sun nuna cewa daga mako uku zuwa kamar mako 12 na rayuwar kwikwiyo shi ne lokacin da yake sabawa da duniya, abin da ya saba da shi a lokacin ba ya ba shi tsoro in ya girma. Saboda haka kada a sayi kwikwiyon da aka raba da uwarsa kafin ya cika mako takwas, in kuma an saya a bar shi ya riƙa jin ƙarar babur da injin niƙa, ya ga jaki da amalanke, ya saba da baƙi da yara, duk cikin lalama.

Akwai haushi guda ɗaya da ba na horo ba ne, kuma ina roƙon mai karatu ya riƙe wannan ko da ya manta da sauran. In karen da aka sani da natsuwa ya canza hali farat ɗaya, muryarsa ta dushe ko ta sauya, yana dalalar miyau, yana cizon duk abin da ya gani, ko ya kasa haɗiya, to a yi zargin ciwon haukan kare. Kada a taɓa shi, a killace shi in da hali, a kira ma'aikatan kiwo. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa wannan ciwo yana kashe mutum kusan 59,000 a kowace shekara, kashi 95 cikin ɗari a Afirka da Asiya, kuma kusan kashi 40 cikin ɗari yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. In alamunsa suka bayyana a jikin mutum, da wuya ƙwarai ya tashi. Wanda kare ya ciza ko ya yaƙusa, komai ƙanƙantar karen, ya wanke wurin da ruwa da sabulu na tsawon minti 15, ya tafi asibiti a ranar don a fara masa allura. Rigakafin karnuka kuwa yana aiki. A 2012 da 2013 an yi wa sama da kashi 70 cikin ɗari na karnukan birnin Injamena allura, ciwon ya ɗauke na watanni da dama, sannan ya sake shigowa daga wajen gari. Darasin da ke cikin wannan ga mu masu ƙetare iyaka a fili yake. Karen da aka ɗauko daga wata ƙasa babu katin rigakafi yana iya shigo da ajalin wani a cikin kwali. A yi wa kwikwiyo allura in ya kai wata uku, a kuma riƙa sabunta ta kamar yadda likita ya tsara.

Ta fuskar addini kuwa, malamai su ne masu magana, amma akwai abubuwan da kowane ɗalibi ya sani. Hadisi ya inganta cewa ladan mai ajiye kare yana raguwa kullum, sai in karen farauta ne ko na kiwo ko na gona, malamai da yawa kuma sun yi ƙiyasin gadin gida a kan waɗannan in akwai buƙata. Masu sharhin Risala sun ruwaito cewa mai littafin, Ibn Abi Zaid na Ƙairawan, ya ajiye kare a gidansa lokacin da ya ji tsoro, da aka tuna masa cewa Imam Malik bai so hakan ba, sai ya nuna cewa da Malik ya riski zamaninsu da zaki ma zai ajiye. Wannan ya shafi mai buƙata. Wanda ya sayo kare don ado kawai, ko don a ce shi ma ya waye, ya je ya tambayi malaminsa. Amma duk wanda ya riga ya ajiye, amana ta hau kansa. Mun san labarin matar da aka azabtar saboda kyanwar da ta kulle babu ci babu sha, mun kuma san na mutumin da aka gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa. Haƙƙin maƙwabci kuwa, wanda Mala'ika Jibrilu ya yi ta wasiyya da shi, ai barcinsa yana ciki.

Shi ma maƙwabcin da aka dama yana da nasa nauyi. Abin takaici ne yadda wasu ba za su iya tunkarar mai kare da magana ba, sai su jefa nama mai guba ta kan katanga. Wannan naman bai san kare ba. Kaza za ta iya ci, kyanwa za ta iya ci, yaro mai rarrafe zai iya kai hannu. In aka jefar da mushen a juji, ungulu ta ci ta mutu, alhali tun 2015 ƙungiyar IUCN ta sa ungulun nan da muka saba gani a mahauta cikin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa. Bayan haka ga gaba da za ta shiga tsakanin gidaje biyu, wataƙila har 'ya'ya su gada. Hanyar da ta dace ita ce a je a yi sallama, a yi magana ta mutunci, domin sau da yawa mai karen bai ma san abin da ke faruwa ba in ya tafi kasuwa. In bai ji ba a haɗa shi da dattawan unguwa ko liman, in abin a kasuwa ne a kai wa sarkin kasuwa, sannan mai unguwa. Shi kuma mai kare in an zo masa da ƙorafi kada ya ɗauke shi hassada, domin gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Hukumomi su ma da sauran aiki a gabansu. A Faransa, hayaniyar dare, har da ta haushin kare, tana jawo tarar yuro 68, wato kusan sefa dubu 45. Ba ina kira a kawo mana irin wannan tara ba ne, domin a wurinmu sulhu ya fi ta tasiri, kuma muna tsoron kada ta zama wata sabuwar hanyar tatsar talaka. Abin da muke roƙo a wurin magadan gari da ma'aikatan kiwo shi ne su sauƙaƙa allurar rigakafin karnuka, su kawo ta har bakin kasuwa, ko da ranar 28 ga Satumba ce ta kowace shekara, wadda aka keɓe don yaƙi da ciwon haukan kare. Su kuma yi amfani da gidajen rediyo wajen wayar da kan jama'a, a tabbatar asibitocin bakin iyaka ba sa rasa allurar wanda aka ciza.

Daga ƙarshe, ɗan'uwa ɗan kasuwa, kafin ka miƙa kuɗi ka karɓi kwikwiyo don ya ba ka sha'awa, yi masa lissafi kamar yadda kake yi wa kowace haja. Irin waɗannan ƙananan karnuka sukan rayu shekara 12 zuwa 15. Kana da wanda zai fita da shi safe da yamma? Kana da inuwa da ruwa da kuɗin likita? Wa zai kula da shi in ka yi tafiya? In amsar babu ce, to kwaɗo mai kyau da fitila da amintaccen mai gadi sun fi maka rufin asiri. In kuwa ka riga ka ajiye, to ka ba shi haƙƙinsa, ka koya masa lokacin magana da lokacin shiru, unguwa ta samu barci. Allah ya ba mu zaman lafiya da maƙwabtanmu, ya sa albarka a kasuwanninmu, amin.